Kason Mai Mota: Yadda Ake Maido Da Shi In Ba Kai Ne Da Laifin Haɗari Ba

A wannan fitowa za mu ajiye zancen taki da iri, mu ɗauki zancen mota. Dalili kuwa shi ne, ƙungiyoyi da yawa a ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu suna da a-kori-kura ko keke mai ƙafa uku na kai amfanin gona kasuwa. Hanyar da muke bi kuwa, wadda ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe, ta shiga Gusau, ta fita ta Bungudu zuwa Sakkwato, hanya ce ta manyan motoci. Kome iya tuƙin direbanka, wata rana wani zai iya zuwa ya buge shi. Abin da muke so mu bayyana shi ne yadda mutum zai karɓi kuɗinsa in haka ta faru.

Abin da ya same mu

A kakar bara a-kori-kurar ƙungiyarmu ta ɗauko waken suya daga Tsafe za ta Gusau. Kusa da Kwatarkwashi direbanmu ya rage gudu domin shanu suna ƙetare hanya. Sai wata babbar mota ta zo ta baya, birkinta bai kama da kyau ba, ta daki bayan tamu. Ba wanda ya ji ciwo, amma bodi ya lotse, fitilun baya sun farfashe, ƙafar baya ɗaya ta karkace.

Direban babbar motar ya sauko yana cewa, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, tsautsayi ne." Mutane suka taru suna ba da baki, wani dattijo ya ce wa direbanmu, "Yaro, tun da ba a rasa rai ba, ka yafe, Allah ya kiyaye gaba." Direbanmu ya amsa da ladabi ya ce, "Baba, motar ba tawa ba ce, ta jama'a ce. Ba ni da ikon yafe abin da ba nawa ba." Ya ɗauki hotuna da wayarsa, ya rubuta lambar motar, aka kuma kai magana wurin 'yan sanda.

Motarmu tana da babbar inshora, saboda haka hankalinmu ya kwanta. Gareji ya yi lissafin gyara naira 800,000. Amma da kamfanin inshora ya tashi biya, sai ya biya naira 720,000, ya ce sauran naira 80,000 mu ne za mu cika. Muka ce yaya haka, ga shi ba mu ne da laifi ba? Aka buɗe mana takardar da muka sa wa hannu tun farkon shekara, aka nuna mana wurin da aka rubuta shi. Gaskiya mun sa hannu ba mu karanta ba.

Mene ne kason mai mota?

Inshorar mota iri biyu ce a wurinmu. Akwai ƙarama, wadda doka ta tilasta wa kowane mai abin hawa. Ita ba ta gyara motarka, sai dai ta biya ɓarnar da ka yi wa wani. Akwai kuma babba, wadda take gyara taka motar, ta kuma biya ɓarnar da ka yi wa wani.

A cikin babbar inshora akwai wani sharaɗi da yake cewa duk sa'ad da aka yi gyara, mai mota zai ɗauki wani kaso da kansa, kamfani ya ɗauki saura. A takardar Turanci sunansa ekses, mu kuwa za mu kira shi kason mai mota. Wani kamfani yakan yanka adadin kuɗi tsayayye, wani kuma yakan ce kashi kaza cikin ɗari na kuɗin gyara. A tamu takardar kashi 10 ne cikin ɗari.

Kamfanoni suna sa wannan sharaɗi domin dalilai biyu. Na ɗaya, kada mutane su riƙa zuwa da kowane ɗan ƙwarzane suna neman biya. Na biyu, wanda ya san aljihunsa zai taɓu yakan ƙara kula da motarsa. Ba zamba ba ce, haka ake yi a ƙasashen duniya.

Abin da ya kamata mu gane sosai shi ne wannan. Yarjejeniyar da ke tsakaninka da kamfaninka ba ruwanta da wane ne mai laifi. Ko kai ka buge, ko kai aka buge, kamfaninka zai cire kason. Amma wannan bai nuna kuɗin ya tafi ke nan ba. Wanda ya yi maka ɓarna da sakacinsa, doka ta ɗora masa biyan dukan hasarar da ya jawo maka, har da kason nan. Watau kason bashi ne a wuyan mai laifi, ba a wuyan kamfaninka ba. In ba ka bi bashinka ba kuwa, ba mai bin maka.

Daga ina kuɗin zai fito?

Tun 1945 aka yi dokar da ta tilasta inshorar mota a Nijeriya, amma a farko rai da rauni kaɗai ta shafa. Dokar Inshora ta 2003 ta ce lalle ƙaramar inshora ta biya ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 1. Daga 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta ƙara kuɗin da ake biya a shekara, ta kuma ƙara iyakar abin da kamfani zai biya in an lalata dukiyar wani. Ga yadda ta tsara:

Motar gida: ana biyan naira 15,000, iyakar biyan ɓarna naira miliyan 3.
Motar ɗaukar kayan mai ita: naira 20,000, iyaka naira miliyan 5.
Babbar motar haya ta kaya: naira 100,000, iyaka naira miliyan 5.
Keke mai ƙafa uku: naira 5,000, iyaka naira miliyan 2.
Babur: naira 3,000, iyaka naira miliyan 1.

Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara matsa wa masu motoci a kan wannan takarda a duk faɗin ƙasa. A watan Agusta 2025 kuma Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta tattara tsofaffin dokokin wuri ɗaya.

Yawancinmu mun ɗauki ƙaramar inshora takarda ce kawai ta nuna wa ɗan sanda a shingen hanya. Ba haka ba ne. Ita ce rumbun da za a ɗebo a biya ka in mai ita ya buge ka. Ko da kai ma ƙaramar kaɗai gare ka, ba ka da zancen kaso, amma hanyar da za mu bayyana a ƙasa ita ce za ka bi ka nemi dukan kuɗin gyaranka.

A bakin hanya ake ci, a nan kuma ake faɗuwa

Kamfanin mai laifi ba ya biya domin ka rantse. Shaida yake nema, shaidar kuwa a sa'ar farko ake tara ta. Mun sani hanyar Tsafe ba wurin daɗewa ba ce a shekarun nan saboda 'yan bindiga, balle in rana ta yi sanyi. Rai ya fi mota. Domin haka a yi waɗannan abubuwa da sauri, sa'an nan a matsa zuwa gari mafi kusa:

1. A fara da masu rauni. A kai su asibiti, a sanar da 'yan sanda ko ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra.

2. Kafin a gusar da motocin, a ɗauki hotonsu daga gaba da baya da gefe, yadda za a ga hanyar da inda kowace mota ta tsaya. A ɗauki sawun taya da lambar kowace mota.

3. A ɗauki hoton lasin direban da takardar inshorarsa. A rubuta sunan kamfanin da lambar takardar da ranar ƙarewarta.

4. A tambayi sunan mai motar da inda yake. Sau da yawa direba ɗan aiki ne kawai. In yana bakin aikin maigidansa ya yi ɓarna, maigidan yana da alhakin biya.

5. A rubuta sunayen mutum biyu da suka ga abin da idonsu, da lambar wayarsu. Gobe ba za ka same su a wurin ba.

6. Kada ka ce laifinka ne, kada kuma ka sa hannu a wata takarda a cikin ruɗewa.

Bayan wannan sai a nemi rahoton 'yan sanda, wanda yake ɗauke da zanen wurin haɗarin. In jami'an duba lafiyar mota, waɗanda muke kira VIO, sun duba motocin, a nemi nasu rahoton. A tamu maganar, su ne suka rubuta cewa birkin babbar motar ba shi da kyau, wannan kuwa ya kashe gardama.

Sa'an nan ka sanar da kamfaninka nan da nan, a rubuce. Kowace takardar inshora tana da sharaɗin lokacin sanarwa. Kada kuma ka sa bakanike ya taɓa motar kafin wakilin kamfani ya zo ya gani ya amince da lissafin gyara.

Hanyoyi biyu na neman kason

Sa'ad da kamfaninka ya biya kuɗin gyara, doka ta ba shi iko ya tsaya a madadinka ya bi mai laifi ko kamfaninsa, domin ya maido da abin da ya kashe. Amma nasa yake bi. Mu mun zauna wata biyu muna jira, muna tsammani za a aiko mana da namu. Sai da muka je wurin dillalin da ya yi mana inshorar a Gusau, ya tambaye mu, "Malam, kun rubuta kun nema?" Muka ce a'a. Ya ce, "To, wa zai san kuna bi?"

Hanya ta fari ita ce ka rubuta wa kamfaninka, ka roƙe shi ya haɗa kasonka cikin abin da yake nema daga wancan gefe, in ya karɓo ya ba ka naka. Ka nemi amsa a rubuce. Wannan ta fi sauƙi in kamfanin ya yarda, sai dai takan ɗauki lokaci. Akwai kuma inda kamfanoni biyu sukan shirya tsakaninsu cewa kowa ya gyara motar mutuminsa, kada a bi juna. In sun yi haka, shirinsu bai ɗaure ka ba, hakkinka a kan mai laifi yana nan.

Hanya ta biyu ita ce ka rubuta wa mai motar da ta buge ka kai tsaye, ka aika da kwafi ga kamfanin inshorarsa. Ita muka bi. Da Turanci akan rubuta wa kamfanoni, saboda haka in ba ka iya ba, ka nemi malamin makaranta ko sakataren ƙungiya ya taimake ka. Wasiƙar ta faɗi rana da wuri da lambobin motocin biyu. Ta faɗi yadda abin ya faru cikin layi uku ko huɗu, ba zagi, ba ƙari. Ta jera kuɗin da kake nema ɗaya bayan ɗaya. Ta ba da wa'adi, kamar kwana 21. A haɗa mata kwafin rahoton 'yan sanda, da hotuna, da lissafin gareji, da takardar kamfaninka wadda ta nuna an cire kason, da rasit na kuɗin da ka cika. Kada ka ba da takardun asali. Wanda ya karɓi wasiƙar ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafinka.

Ba kason kaɗai ake nema ba. Duk hasarar da inshorarka ba ta biya ba tana iya shiga, muddin haɗarin ne ya jawo ta, kuma kana da shaida. Mu mun nemi abu uku: kason naira 80,000, kuɗin janwe daga Kwatarkwashi zuwa Gusau naira 35,000, da hayar motar da ta kwashe waken naira 25,000. Bayan wata biyu da rubuta wasiƙa, da zuwa tuni sau uku, aka biya mu naira 115,000. Kuɗin hayar ya faɗi, gama a cikin gaggawa ba mu karɓi rasit ba. Laifinmu ne, mun kuwa koya.

Abubuwa uku da za a yi hankali da su

Na ɗaya, ba a cin riba da inshora. Aikinta ta maishe ka inda kake kafin haɗari, ba ta wuce nan ba. In mai laifi ya ba ka dukan kuɗin gyara, ba za ka sāke karɓa daga kamfaninka ba. Ka gaya wa kamfaninka duk abin da aka ba ka.

Na biyu, takardar sallama. Sa'ad da za a biya ka, za a kawo takarda ka sa hannu cewa magana ta ƙare. Ka karanta, ko a karanta maka. Ta faɗi a fili cewa kasonka da sauran hasararka ne aka biya. In ka sa hannu cewa ka sallami mai laifi daga kome da kome, ka toshe wa kamfaninka hanyar bin nasa kuɗin, shi kuma zai iya juyowa kanka.

Na uku, in laifin na ku biyu ne, akan raba. Misali, in an buge ka ta baya da dare amma fitilunka na baya ba su aiki, kada ka sa rai da dukan kuɗin. Za a rage gwargwadon naka sakacin.

In takardar mai laifi ta jabu ce fa?

Wannan ita ce babbar matsala a ƙasarmu. Mutane da yawa sukan ba wani ɗan tsakani kuɗi a bakin ofishin lasin, ya kawo musu takarda mai hatimi, alhali ba kamfanin da ya san da ita. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rajistar motoci masu inshorar gaske, ana kiranta NIID. Ana duba ta a intanet da lambar mota, ko a buga *565*11# a waya. Ka duba ta wanda ya buge ka tun a ranar. Ka duba taka ma yau, kada ka jira ranar wuya.

In takardar ta jabu ce, ko ta ƙare, bashin bai mutu ba, ya koma kan mai motar da direbansa. Haka ya faru da wani ɗan ƙungiyarmu a Bungudu, wanda motar haya ta buge masa babur. Ya ɗauki dattijo ɗaya da sakatarenmu suka tafi wurin shugaban direbobi na tashar da motar take lodi. Aka kira mai motar, aka zauna, ya amsa zai biya kashi uku cikin wata uku. Aka rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu biyu suka sa nasu. Ya kuwa biya, gama ba ya so sunansa ya ɓaci a tasha. Sulhu irin wannan ya fi shari'a sauri da araha, amma sai an rubuta shi. In motarka tana da babbar inshora, ka sanar da kamfaninka kafin ka shiga sulhun.

In sulhu ya ƙi, sai kotu. Kafin ka shigar da ƙara ka auna kuɗin da kake bi da abin da za ka kashe wajen zirga-zirga da lauya. Wanda ba shi da hali yana iya neman taimakon Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, gama ƙarar haɗari tana cikin aikinta. Kada a yi jinkiri, domin doka ta sa iyakar lokacin kai ƙara.

In kuwa takardar ta gaske ce, amma kamfanin ya yi ta ja maka rai ba dalili, ka rubuta kuka zuwa NAICOM. An kafa ta a 1997 domin ta sa ido a kan kamfanonin inshora, hedkwatarta tana Abuja, tana kuma da sashen karɓar koke-koke. Ka haɗa kwafin dukan wasiƙun da ka aika.

Zancen yafewa

Wani zai ce, ashe bai fi kyau a yafe ba? Yafewa abu ne mai kyau, ba mu hana kowa ba. Amma a lura da abu biyu. In mai laifi yana da inshorar gaske, ba daga bakin 'ya'yansa za a cire kuɗin ba, daga kamfanin da ya riga ya biya domin irin wannan rana ne. In ka yafe a nan, kamfani ka yi wa kyauta, ba talaka ba. Har wa yau, motar ƙungiya dukiyar mutane da yawa ce, har da gwauraye da suka zuba ɗan abin da suke da shi. Direba ko shugaba ba shi da ikon yafe ta shi kaɗai a bakin hanya. A kawo maganar gaban taro. In taro ya ga mai laifin abin tausayi ne ya yafe, to, ya yafe da saninsa.

Kafin ka sabunta inshorarka

Ka tambayi wakilin kamfani nawa ne kasonka, ya nuna maka a takarda. Waɗansu kamfanoni sukan yarda ka ƙara ɗan kuɗi a shekara domin a ɗauke maka kason, sai ka auna ko ya fi maka. Maƙwabtanmu da suke yin takaful su ma su yi wannan tambaya. Ƙungiya ta ware kuɗi daidai da kason ta ajiye, domin kada mota ta kwana a gareji a tsakiyar kaka saboda rashin ciko. A kuma sa ɗan littafi da biro da kwafin takardun mota a cikin kowace mota, a koya wa direba da yaron mota abubuwa shida ɗin nan na bakin hanya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wace irin inshora motarmu ko kekenmu yake da ita, yaushe kuma za ta ƙare?
2. Mun duba mun tabbata ta gaske ce?
3. Nawa ne kasonmu, muna kuwa da shi a ajiye?
4. In haɗari ya faru yau, wa direba zai fara kira, wa kuma zai rubuta wasiƙa?

Wanda yake so a taimake shi karanta takardar inshorarsa, ya kawo ta ranar da malamin gona zai zo garinsu, za mu duba tare. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.